Turke na Shida na Jitar Kawu

Mun tashi bayan sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da abokina da jitar Kawu. Na ce bayan asuba, amma don kada in yi ƙarya, sai da gari ya fara haske muka bar unguwa, domin sau biyu ina komawa daga bakin titi in duba ko na kulle ɗaki. Duk sau biyun a kulle na same shi.

Ya kamata in fara da bayanin jitar, in ba haka ba tafiyar ba za ta yi ma'ana ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya a Shagari. Jitar tana hannunsa tun yana kwalejin horon malamai, kuma a iya sanina ba a taɓa barin kowa ya sauko da ita daga ƙusar da take rataye ba, har da 'ya'yansa. Bara ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki na hagu. Da ya samu sauƙi likita ya ce ya riƙa ba yatsunsa aiki, shi kuwa ya ce aiki ɗaya yatsun suka sani. To tsirkiyoyin sun yi tsatsa, biyu sun tsinke. Sai ya kira ni, ya miƙa mini jitar a gaban kowa, ya ce in kai ta Sakkwato a samo mata sababbi. Ya ƙara da cewa ni ya zaɓa saboda duk dangi ni kaɗai ne ban taɓa ɓatar da komai ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni barci.

Ga wanda bai taɓa duban jita kusa ba: a kan cikinta, can wajen gindi, akwai wani ɗan katako baƙi mai huji shida. Kowace tsirkiya tana da ɗan zobe a ƙarshenta. Ana zura zoben cikin huji, sannan a bi shi da wani ɗan tsinke mai kai, wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Ban san sunansu na Hausa ba, ko ma suna da shi. Kawu 'yan turaku yake ce musu. Na sayo tsirkiyoyi lafiya. Da na zo sawa sai na ga turakun sun yi datti, na ce bari in wanke su da sabulu. Babu wanda ya sa ni. Biyar sun wanku, na shida ya sulluɓe daga hannuna ya bi rariya.

Kuma wanda ya fi kyau ne ya tafi. Sauran biyar ɗin farare ne da suka koma ruwan ƙasa, shi kuwa ƙashi ne mai santsi, da zane biyu a wuyansa da ɗigo uku a tsakani. Na wuni ina zungurar rariya da waya, na fito da maɓalli da cokalin shayi da ban san mun rasa ba. Na zaga shaguna a birni. Ba na cewa babu, ni dai ban samu ba, sai wani da ya ce in sayi jita sabuwa in cire nata. Saboda haka shirin ya zama mu nemi masassaƙi a hanya ya yi mana irinsa kafin mu isa gidan Kawu. Abokina, wanda muka zauna ɗaki ɗaya a jami'a kuma ya ɗan iya kaɗawa, ya yarda ya raka ni bisa sharaɗin ni zan ciyar da shi.

A tasha na naɗe jitar cikin bargo na biya mata kuɗin kujera guda, domin ɗan kamasho ya so ya cusa ta a baya tare da buhunan taki. Wata tsohuwa da ke bayanmu ta leƙo ta yi mana sannu, ta tambayi tun yaushe yaron ba shi da lafiya. Da na buɗe mata gefen bargon ta daɗe tana kallona, sannan ta mayar da sannun kaina. A ɗaya gefen jitar wani malami ne zaune da carbi, abin da ya sa na tsargu sosai, na yi ta jan bargon ina rufe ta. Amma na lura duk lokacin da mota za ta shiga rami sai ya sa hannu ya tallabe mata wuya, idonsa na kan hanya.

Hanyar Boɗinga ba ta da nisa, kuma ƙarshen damina ya yi mata kyau. Gero ya fid da kai hagu da dama, dawa tana biye da shi, shanu sun yi shar. Na ga wannan duka ta gefen ido ne kawai, domin rabin hankalina yana aljihun gaba inda na ƙulle turaku biyar a ƙyalle, ina taɓa su kamar mai ciwon ƙirji.

Mun sauka Boɗinga da hantsi. Tarihi na karanta, kuma kundin kammala digirina a kan zamanin Daular Sakkwato na rubuta shi. Garin nan ya ci mini shafuka da yawa, kasancewarsa mazaunin malamai tun farkon jihadi, kuma na daɗe ina alkawarin zuwa in taka shi da ƙafata a natse. Ga ni na zo, amma tambayar farko da na yi wa mutanen wannan tsohon gari ita ce ina kafinta. Mun sha koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan ya fi na birni girma a kuɗi ɗaya, ko da yake wuri ɗaya na ci, ba zan yanke hukunci a kan garin duka ba. Daga wani zaure ana jin ɗalibai suna bita, Keke Napep suna wucewa da buhunan albasa har kan rufi.

Kafintan da aka nuna mana yana haɗa ƙyauren ƙofa ne a ƙarƙashin rumfar kwano. Na kwance ƙyalle na nuna masa. Ya ɗauki turke ɗaya ya juya shi a tafin hannu.

"Wanga ɗan abu yat taso ku daga birni, ku biyu?"

Na ce eh, tare da ba shi haƙuri. Ya yanko guntun katako ya fere shi da aska cikin ɗan lokaci. A nan ne na ba da gudummawar ilimina. Na ce ya bar shi da kauri, domin a fahimtata turken ne ke riƙe tsirkiya, saboda haka gwargwadon matsewarsa gwargwadon ƙarfinsa. Ya yarda da ni, watakila saboda tabarau. Muka zura zobe, muka danna turke da babban yatsa har sai da ya yi mini shaida a fata. Abokina ya fara murɗa kunnen jita, sauti yana hawa a hankali. Sai turken ya yi tsalle, ya bugi kwanon rumfa, ya faɗa cikin kofin mai shayin da ke maƙwabtaka. Mai shayin ya tsamo shi da cokali ya miƙo mana ba tare da ya daina hira da mai sayensa ba.

Na biyu mun ƙara masa kauri. Shi ya fi na farko nisa, har yau ban san inda ya sauka ba. A na uku kafinta ya ɗauko guduma da gwangwanin gam.

"A sa gam a buga. Ko jikanka ba shi fidda shi."

Ina jin kunyar rubuta wannan, amma har na gyara wa jitar kwanciya a kan benci. Abokina ne ya tambaya, yana taunar sauran ƙosai, cewa in tsirkiyar ta sake tsinkewa fa, jikan wa zai canza ta. Na janye jitar na rungume. Kafintan bai ji daɗi ba, ya ce shi ƙofofinsa ba su tsalle. Duk da haka mutumin kirki ne. Ya ce akwai wani tsoho makiyayi wajen Horo Birni da ke sassaƙa ƙananan abubuwa da ƙaho, in shi bai iya ba mu koma ga gam.

Matsalar ita ce sai mun sauka tashar Shagari za mu samu kabu-kabu mai zuwa can, kuma a Shagari rabin mutanen da suka iya karatu Kawu ya koya musu, ɗaya rabin kuma sun san jitarsa. Muka sayi buhun albasa da babu komai a ciki muka zura ta da bargonta. Muna sauka wani mai faci ya ɗago kai ya ce, "Ba ɗan ƙanwar Malam ba na?" Na ce ni ne. Ya tambayi ko gida za ni, na ce in sha Allahu zuwa la'asar, wanda gaskiya ne. Ya tambayi me ke cikin buhu, na ce kaya, wanda shi ma gaskiya ne. Na hau babur ina lissafin ko gaskiya biyu da aka jera don ɓoye ta uku suna nan a matsayin gaskiya. Ban kai ga matsaya ba.

Hanyar Horo Birni yashi ce da kwari, tana ratsa gonaki inda gero ya fi mu tsawo. Na riƙe buhun a tsaye tsakanina da mai babur, ganye yana marina ta ko'ina. Wuri biyu muka sauka muka tura. A wani tafki mun tsaya garken shanu ya gama ƙetarawa, mai babur ya kashe inji ya ce a nan su ke da hanya. Ban yi gardama ba.

Tsohon mun same shi a bayan gari ƙarƙashin wata tsamiya, yana tufka igiya. A gefensa akwai dangwali, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake jera maruƙa a ɗaure, da maruƙa huɗu a jiki. Mun daɗe muna gaisuwa, gida da shanu da ruwa da gajiya, aka kawo mana fura da nono mai sanyi a ƙwarya. Ban taɓa shan wadda ta kai ta ba, amma in an yi la'akari da yunwa da rana, shaidata tana da rauni. Sai da muka ajiye ludayi ya ce, "To, mi kuka biɗa?"

Na fara ba shi labarin tun daga kwalejin horon malamai. Abokina ya katse ni ya zaro jitar daga buhu. Tsohon ya ce bai taɓa riƙa irinta ba, molo da garaya ya sani. Bai dubi turakun da na shimfiɗa masa ba sai sau ɗaya. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa siriri ta babban ramin cikin jitar har gwiwar hannu. Ya rufe ido yana lalube daga ciki, kamar yadda na taɓa ganin ana yi wa saniya mai naƙuda. Ni ban taɓa tunanin jita tana da abin dubawa a ciki ba. Ya ce a sa turken kafinta na uku, a ɗan ja tsirkiyar. Aka sa. Ya yi murmushi idonsa a rufe.

"Wa yac ce a yi shi da ƙiba haka?"

Abokina ya nuna ni da ludayi.

"Ɗana, turken ga ba shi riƙon komi. Katako ka riƙo. Zoben ga, wurinai shi maƙale ƙarƙashin katako, nan gefe. Ku kun cika ramin, zobe ya rasa inda za shi, ya zauna ƙarƙashin turke. Kuna ja, shina turo shi bisa. In ba shi tashi ba mi za shi yi?"

Ya ga ban gane ba, sai ya ja ni wajen dangwali. Ya nuna mini yadda igiyar wuyan maraƙi take da ƙulli a baki ɗaya da madauki a ɗayan. Ƙullin yana shiga madaukin a sake, har yatsa na iya bi. Ya tsokani maraƙin, maraƙin ya ja baya, nan take ƙullin ya kwanta a gefe ya kame. Ya ce jan maraƙin ne ke ɗaure maraƙin, shi nasa kawai ya sa ƙulli inda ya dace. Haka turken jita, aikinsa ya tura zobe gefe ya tare masa hanyar fita, sauran aikin na katako ne da jan tsirkiya. Na ciro biro na rubuta a bayan takardar tsirkiya.

Ya ɗauko tsinin ƙaho daga jakarsa ya fara aiki da 'yar wuƙa da dutsen wasa. Ya fere shi siriri, ya yi masa ɗan kwari a tsaye inda tsirkiya za ta kwanta, sannan ya gusure bakin a karkace don kada zobe ya samu wurin zama a ƙarƙashi. Yana yi yana ba mu labari cewa gidansu tun zamanin jihadi suke wannan aiki, kakanninsa ke yi wa malamai maɓallan gafaka, su yi wa maharba na kwari. Na gyara zama, domin wannan fagena ne. Na tambaye shi cikin ladabi ko akwai wata takarda ko wani abu da ya rage da zai tabbatar da hakan.

"Ga ni," in ji shi.

Na rubuta shi a matsayin ruwayar baka mai tushe ɗaya.

Da ya gama, ya zura zobe, ya bi shi da turken da yatsa ɗaya, ba dannawa ba gumi, ya ɗan ja tsirkiyar sama har muka ji ta kame daga ciki. Na ce, Baba, anya bai yi sako-sako ba? Ya ce wa abokina ya murɗa. Na matsa baya na kare tabarau da hannu. Sauti ya hau, ya hau, ya kai inda ake so ya tsaya. Turken ko motsi. Abokina ya ɗaura sauran tsirkiyoyin da turakunsu biyar, ya kaɗa duka shida, maruƙa suka ɗago kai. Tsohon ya ce muryarta ba laifi, amma warin albasa take.

Saura matsala ɗaya. Ƙahon baƙi ne wuluk, sauran turakun farare. Na tambaya ko akwai fari, ya ce saniyar da ta ba da wannan ba ta da wani. Kuɗi ya ƙi karɓa, sai goron da muka zo da shi. A hanyar komawa abokina ya kawo shawarar alli ko farin fenti. Na yi tunani a kai tsawon gona uku, sannan na ce a'a, zan faɗa wa Kawu komai. Ba jarumta ba ce. Na san in na shafa fenti, ni zan riƙa zuwa Shagari duk wata ina duba ko ya goge.

Mun shiga gidan bayan la'asar. Kawu yana kan kujerarsa a tsakar gida, hannun hagu a kan cinya. Bayan gaisuwa na durƙusa na ajiye jitar a gabansa, na ce ina da bayani. Na tsara shi tun a kan babur: gabatarwa, yadda abin ya faru, matakan da na ɗauka. Kawu ya dubi baƙin turken, ya taɓa shi da yatsa, ya ce ba komai, aiki ya yi kyau, a bar maganar. Amma ni na riga na ƙudura cewa ba zan rage komai ba. Na ce dole ya san girman asarar, domin wanda ya ɓata ba kamar sauran ba ne. Kawu ya ce ya sani, a bar maganar. Daidai lokacin matarsa, wadda muke kira Inna, ta fito daga madafa da kwanon tuwo. Na ce na ƙashi ne, mai santsi. Kawu ya yi tari. Na ce da zane biyu a wuyansa da ɗigo uku a tsakani. Kawu ya taka mini yatsan ƙafa da ƙafarsa mai lafiya.

Inna ta tsaya da kwano a hannu.

"Zane biyu, ɗigo ukku?"

Na ce ƙwarai, Inna, na ma zana shi a takarda in tana son gani. Ta ajiye kwanon a hankali ta karɓi takardar.

"Malam, ashe kibiyar tsifata nan tat tahi."

Abin da na fahimta daga baya shi ne, kibiyar ta ƙashi ce, mahaifiyarta ta ba ta. Ta ɓata tun kafin a haife ni, a makon da turken jita na asali ya karye. Shekara da shekaru Inna tana zargin ƙanwarta, har yau in ƙanwar ta zo gidan sai an kawar da mataji daga gabanta. Kawu ya ce guntun bakin kawai ya yanka. Inna ta tambayi ina sauran. Ya nuna turke na biyu da na huɗu, ya ce waɗannan ma, amma su zanen bai kai kansu ba. Abokina ya tashi ya ce zai je ya duba ko an kira sallah.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce gobe Malam zai shiga mota ya je har gidan ƙanwarta ya yi bayani da bakinsa, kuma da jitar zai je. Ta ɗauki kwanon tuwon ta ajiye a gabana ni kaɗai, ta koma ciki. Kawu ya juyo gare ni.

"Amana ka riƙe ta, ɗana," ya ce. "Bakinka ɗai ka sake."

Sannan ya ɗora jitar a cinya. Ya ɗauki hannun hagu da na dama ya kai shi wuyanta, ya jera yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sautin farko ya fito a dushe, na biyu ma haka. Na uku ya fito sarai. Ya yi ta maimaita shi, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Daga madafa aka daina motsin kwanoni. Bayan ɗan lokaci Inna ta fito da kwano na biyu ta ajiye kusa da ƙafarsa, ta ce tafiyar gobe tana nan.

Mun kwana, da safe muka kamo hanyar gida. A tashar Shagari mun bar su suna jiran motar garin ƙanwar Inna, Kawu da jita a rungume ba bargo ba buhu, mai faci yana ta kallona. Mun iso Sakkwato kafin azahar.

Game da abin da tafiyar ta koya mini, ina taka-tsantsan, domin tafiya ɗaya ba ta isa hujja ba. Na dai koyi cewa turken jita ba da ƙarfi yake aiki ba. Ya zauna daidai, ya bar wa zobe wuri, katako ya ɗauki nauyi. Duk wanda muka matse sai da ya tashi sama. Na kuma koyi cewa in dattijo ya ce a bar magana har sau biyu, akwai yiwuwar ba don ni yake faɗa ba. Jiya da zan fita na kulle ɗaki na tafi ban koma dubawa ba. Na kai har bakin titi. Daga can na kira maƙwabcina ya duba mini.